Tutar Yaro a Tunuga

Kalma ɗaya ce ta fara ruɗa ni a Tunuga. Ban gama kakkaɓe ƙurar babur ɗin da ya ɗauko ni daga Kamba ba, sai na ji wani dattijo a ƙofar gidan abokina yana cewa, "Mushe, yaron nan ya samu koleji, amma ba shi da tutar." Na ce a raina, to fa, ashe a Nijar sai ɗalibi ya zo da tuta? Har na soma tunanin launinta. Abokina, malamin makaranta ne, su mushe suke kira, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe kalmar Faransanci ce, tana nufin mai riƙo, wato maigidan da zai sauki yaron ƙauye idan ya gama firamare ya zo karatu garin da ba nasu ba.

Watan Oktoba ne, lokacin komawa lakwal, wato makaranta. Tunuga tana yankin Gaya a jihar Doso, a lungun da Nijar da Najeriya da Benin suka haɗa kafaɗa. A zama ɗaya za ka ji Hausa da Dandanci da Zabarmanci, a ba ka canji da sefa ko da naira, wanda ya fi kusa da hannu. Yara suna zuwa daga ƙauyukan fadama da na bakin kogin Kwara, kowa da 'yar jakarsa, kowa yana neman inda zai kwana.

Ni kuwa da ilimina na zo, ina ji da shi. 'Yar yayata ta yi shekara guda a jihar Iowa ta Amurka a ƙarƙashin shirin musayar ɗalibai na YES, wanda majalisar dokokin ƙasar ta kafa a 2002, bayan harin 11 ga Satumban 2001. Na haddace yadda ake tantance masu masauki a can. Ana zuwa gidan a gana da kowa, a ɗauki hoton ɗakin kwana da madafa da banɗaki, a binciki duk wanda ya kai shekara 18 ko ya taɓa aikata laifi, a nemi shaidu biyu, a tabbata ɗalibi yana da gadonsa shi kaɗai. Ba a biyan su ko sisi, kuma duk wata sai jami'i ya tuntuɓi yaron. Na zayyano wannan kamar ni na rubuta dokar. Dattijon ya saurara tsaf, sannan ya ce, "Malam, shaidu biyu kawai? Garin nasu ba mutane ne?"

Washegari na bi dattijon da yaron da ubansa neman masauki. Na ɗauka gidan siminti mai ƙyauren ƙarfe za mu nufa, sai muka wuce shi ko kallo babu. Tun da sassafe dattijon ya tura matarsa wajen mata masu ɗiban ruwa, ta kuma dawo da rahoton da babu takardar da za ta ɗauke shi: gidan da ake ɗora tukunya sau biyu, gidan da kishiyoyi ba sa ga maciji, gidan da maigida kan kwashe yara zuwa gonar shinkafa ko rake ranar karatu. Gidan simintin a nan ya faɗi. Wanda ya ci jarrabawa wani mai gyaran keke ne, ɗakunansa uku na ƙasa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, maigidan bai amsa ba sai da ya shiga ciki. "Ni baki ne nawa," in ji shi, "ludayi yana hannunta." Matar ta leƙo ta dubi yaron, ta tambaye shi ko yana fitsarin kwance, ko akwai abin da ba ya ci. Uban ya sauke gero da kaza ɗaya, ya ce, "Ga amana, Alhaji. In ya yi ba daidai ba, ɗanka ne." Aka shafa fatiha. Na tambayi batun gado, aka nuna mini tabarma.

Ba yau suka fara ba. Tun zamanin da fatake ke zuwa sayen gishirin Foga, kowane baƙo da fatomansa, mai ba shi ɗaki ya kuma tsaya masa in rigima ta taso. Ko Amurkawa masu aikin sa-kai na Peace Corps, da suka yi aiki a Nijar daga 1962 zuwa Janairun 2011, a gidajen mutanen Hamdallaye kusa da Yamai ake fara sauke su, su koyi harshe da cin tuwo da hannu, har a raɗa musu sunan gida.

Da dare na fara yabon tsarin, mushe ya taka mini birki. Ya ce shekara tana da tsawo. Geron uba kan ƙare kafin bazara, fuska ta canza. 'Ya mace ta fi shan wuya: ta zo karatu ta koma mai daka da wanke-wanke, ko iyaye su ƙi sakin ta tun farko don ba su yarda da gidan kowa ba. "Cikin dokokinka ɗaya nake so," ya ce, "mai zuwa duk wata ya keɓe da yaro ya tambaye shi. Mu mun iya zaɓe, bibiya ce ba mu iya ba."

Da zan tafi, mai gyaran keken ya rako ni bakin hanya, ya tambaye ni cikin ladabi, "Malam, kai 'ya'yan mutane nawa ke gidanka a Kano?" Na yi ta gyaran hula. Gidana yana da katanga da famfo da ɗakin baƙi mai gado da fanka, babu sharaɗin Amurka da ba zan cika ba. Bara ɗan ƙanin mahaifina ya samu gurbi a Jami'ar Bayero, na ce masa ɗakin kwanan ɗalibai ya fi dacewa da karatu. Ɗakin baƙin nan tsofaffin jaridu ne a ciki, makullinsa kuma yana aljihuna.