Daga Batsari zuwa Safana: Abin da sarƙar inji ta koya mini game da gudu

Ranar wata Alhamis cikin kakar da ta gabata na yi sammako zuwa tashar da ke wajen Ƙofar 'Yanɗaka a birnin Katsina, da niyyar in kai wa kawuna ziyara a Batsari, daga can kuma in zarce Safana ta'aziyya. Da yake Alhamis ce ranar kasuwar Batsari, mota ba ta daɗewa tana lodi. Wadda na samu tsohuwa ce mai dogon baya, irin waɗanda ake shigo mana da su bayan sun gama wa Turawa aiki. Mutum biyar aka ƙera ta ta ɗauka, amma mu tara muka shiga, ban da kayan 'yan kasuwa da suka hana but rufuwa.

Direbanmu matashi ne mai fara'a. Da ya ga ina ƙare wa motar kallo sai ya ce, "Malam, kada ka dubi jikinta, muryarta za ka saurara." Kafin mu bar gari ya ba ni tarihinta kaf. Ya cire injin da ta zo da shi ya sa wanda ya fi shi girma, an kai tof silinda wurin masu injin gogewa an shafe shi, an kuma ƙara mata shan mai. A cewarsa, duk layin babu motar da ke shan gabanta.

Wanda bai san yammacin Jihar Katsina ba zai ɗauka wannan alfahari ne irin na ƙuruciya. Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu ne, kuma shekaru da dama hanyoyinsu sun kasance wuraren da ake tare matafiya. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Ƙaramar Hukumar Batsari. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da waɗannan biyu, har ya zamana idan mota ta lalace wa direba a daji ba shi da hanyar kiran kowa. Kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha a 2023 da sulhun da aka ƙulla a wasu sassan yankin a 2025 sun kawo sauƙi, amma abin da tsoro ya koya wa mutum ba ya barinsa da wuri. A wannan hanya direbobi sun koyi cewa gudu garkuwa ne, fasinjoji kuma sun koyi yi wa mai gudu addu'a maimakon faɗa.

Hanyar kanta tana da kyan gani a lokacin kaka. Gero an girbe, dawa ta sunkuyar da kai, ga gonakin rogon da aka san Batsari da shi sun yi kore shar. Can kuma ga duwatsun ƙasar Ruma, inda har yau ake ba da labarin jarumtar Ɗanwaire da dawakinsa. Sai dai na lura akwai wuraren da hira ke mutuwa a cikin mota ba tare da kowa ya ce a yi shiru ba. A nan ne direba ke take totur har ƙasa, inji ya yi ta kururuwa, wata dattijuwa a bayana tana ta jan salati. Da an wuce sai a ci gaba da zancen farashin masara daga inda aka tsaya.

Muna dab da shiga Batsari na fara jin wata ƙara daga gaban motar, kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. Motar ta fara shaƙewa, ƙarfinta ya ragu, daga bisani ta mutu a daidai gidajen farko na garin. Babu wanda ya yi tsaki. Dattijuwar nan ta ce, "Alhamdu lillahi da ta kawo mu nan," kuma kowa ya gane abin da take nufi.

Muka tura ta zuwa garejin wani dattijon bakanike da ke ƙarƙashin itacen bedi. Da na gaisa da kawuna sai na dawo, domin son sani ya hana ni zama. Na tarar an buɗe murfin gaban injin, dattijon ya sa yatsa yana ɗaga wata sarƙa mai kama da ta keke, tana lilo kamar igiyar shanya. Na ce, "Baba, wannan 'yar sarƙar ce ta tsayar da mu?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai ita ce limamin injin. In ta yi kuskure, duk sahu ya ɓaci."

Ga abin da na fahimta daga bayaninsa, na kuma tabbatar daga baya. A ƙasan inji akwai ƙarfen da ake kira karanshaf, wanda fistan ke juyawa yayin da suke hawa da sauka. A sama kuma akwai kamshaf, mai ƙullutai a jikinsa, wanda ke danna bawul su buɗe domin iska da mai su shiga, hayaƙi kuma ya fita. Dole ne duk juyi biyu na karanshaf, kamshaf ya yi juyi ɗaya, ba ƙari ba ragi. Abin da ke riƙe wannan alƙawari shi ne sarƙar da kanikawa ke kira taimin cen, ko kuma bel na roba mai haƙora a wasu motocin. Shekaru da ƙura da gurɓataccen baƙin mai suna cinye mahaɗan sarƙar har ta ƙara tsawo. Akwai tenshina da ke tokare ta don kada ta saki, amma a injuna da yawa shi ma da ƙarfin baƙin mai yake aiki, saboda haka idan man ya yi datti ko ya yi ƙasa sai ya yi sanyi. Tamu sarƙar ta saki har ta tsallake haƙori ɗaya. Da ta ƙara biyu ko uku, a irin wannan inji fistan zai daki bawul ya lanƙwasa su, aikin kuma ya tashi daga canjin sarƙa ya koma sauke inji.

Daga nan dattijon ya sa yaronsa ya kwance sifirin ɗin bawul, ya jera su a kan wani shafaffen ƙarfe, ya ajiye sabo guda a gefensu. Ko ni da ban san aikin ba na ga tsofaffin sun gajarce, ɗaya ma ya tsage. Kamshaf buɗe bawul kawai yake yi, sifirin ne ke mayar da shi ya rufe. Idan inji yana juyi 6,000 a minti ɗaya, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 50 a cikin daƙiƙa guda. Sifirin da ya gaji ba ya iya wannan sauri, sai bawul ya riƙa makara bai koma mazauninsa ba fistan ya taso. Abin mamaki shi ne, a tafiyar cikin gari ba za a taɓa gane wannan rauni ba. Sai ranar da aka take mota har ƙarshe yake bayyana, wato a daidai wurin da direba ya fi bukatar ta.

A nan ne dattijon ya juya ga direbanmu, wanda ya yi tagumi a kan wata tsohuwar taya. Ya ce, "Ɗana, ka sayi gudu amma ba ka sayi abin da zai ɗauki gudun ba." Ya nuna masa cewa shafe tof da aka yi ya matso da kamshaf kusa da karanshaf, wanda ya ƙara wa sarƙar sako-sako, ya kuma rage tazarar da ke tsakanin bawul da fistan. Injin da ya saya kuwa, babu wanda ya san yawan tafiyar da ya yi kafin ya iso Najeriya, kuma an ɗora shi ne ba tare da an buɗe an duba cikinsa ba. Direban ya ce to a sa masa sifirin mafi tauri da ake da shi. Dattijon ya girgiza kai. Sifirin mai tauri fiye da kima yana cin ƙullutan kamshaf, yana kuma ƙara wa sarƙa nauyin ja. Wanda zai ƙara ƙarfin sifirin sai ya auna shi da kamshaf ɗin da ke ciki, ya sa sabuwar sarƙa tare da haƙoranta da tenshina da robar da take bi, duka a lokaci ɗaya, domin sabuwar sarƙa a kan cinyayyun haƙora ba ta daɗewa. Bayan haka a daidaita alamomin taimin, a juya injin da hannu sau biyu a tabbatar babu abin da ke karo kafin a tayar. Ya ƙara da cewa wanda ya ƙara wa mota gudu bai duba birki da taya ba, kabarinsa yake haƙa.

Ba zan ɗora wa matashin nan laifi duka ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, kayan gyara sun yi tsadar da direban haya ke auna kowane ƙarfe da abincin gidansa. Kayan da ke isowa Batsari sun biyo ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, kuma a kasuwa akwai mai kyau akwai jabu, kwalinsu iri ɗaya. Mai ƙaramin ƙarfi yakan zaɓi abin da kunne zai ji, wato babban inji mai ruri, ya bar abin da ke ɓoye a bayan murfi. Araha kuwa ba ta ado.

Bayan azahar na shiga wata motar zuwa Safana ta hanyar Runka. Direban wannan karon mai furfura ne, ya ce ya fara tuƙi tun zamanin da Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna ke mulkin hanyoyin Arewa. Tafiyarsa ba ta da garaje, kuma ba ta da sanyi. Na ba shi labarin abin da ya same mu da safe, sai ya ce shi bai taɓa ƙara wa injinsa komai ba. Abin da ya riƙe shi ne canjin baƙin mai a kan lokaci, da kakkaɓe matatar iska kullum idan hunturu ya shigo, da kuma sauraren injin kowace asuba, domin sarƙar da ta fara saki takan yi 'yar ƙara a farkon tayarwa kafin mai ya hau. "Alhaji," in ji shi, "a wannan hanyar na ga masu gudu da yawa sun wuce ni, na kuma tarar da su a gaba an buɗe bonet. Sauri ya haifi nawa."

Muka isa Safana, garin Yariman Katsina, ana kiran sallar la'asar. A bakin tasha na ga jerin masu gyaran babur, wani yaro yana fitar da 'yar siririyar sarƙa daga cikin inji. Ashe babura ma, waɗanda su ne motar asibiti da ta kasuwa ga mutanen Zakka da Baure da Babban Duhu, da irin wannan sarƙa suke rayuwa. Na tsaya ina tunanin yawan masu naƙuda da marasa lafiya da isarsu Dutsin-Ma ta rataya a kan ƙarfen da bai fi tsawon kamu biyu ba.

Kirana ga ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta kanikawa ta NATA shi ne su riƙa zama tare a matakin ƙaramar hukuma, su sa ya zama al'ada cewa duk injin da aka sauya ko aka shafe wa tof sai an duba sarƙarsa da sifirin ɗinsa kafin ya ɗauki fasinja. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina da sauran cibiyoyin koyar da sana'a na iya kai gajerun kwasa-kwasai har garuruwan nan, domin dattijon da na gani yana auna sifirin da ido ya cancanci a sa masa ma'auni a hannu, yaransa kuma su gaji ilimin da hujjarsa. Mu fasinjoji kuma mu rage zuga direba da cewa motarsa ba ta gudu. Babban aiki dai yana wuyan hukuma, domin ranar da hanya ta yi aminci babu wanda zai nemi tsohuwar mota ta yi abin da ya fi ƙarfinta.

Mako biyu bayan haka na sake bi ta tashar Ƙofar 'Yanɗaka, na hangi direbanmu na farko yana lodi. Ya ce gyaran ya cinye masa kuɗin da ya tara domin sayen taki, amma yanzu yana barci da daddare. Ya tayar da motar don in ji, na kasa kunne, babu tsakuwa a cikin gwangwani. Allah Ya tsare matafiya, Ya dawo wa ƙasar Ruma da ta Safana da cikakken zaman lafiya.