Malam, Yaya Aka Yi Ka Sani?

Sa'ad da aka tura ni Jigwada, kusa da Keffi, don in gwada koyarwa, na tafi ina ji da kaina ƙwarai. Ran nan ina koya wa 'yan aji biyar labarin ƙasa, na ce musu duniya ce ke zagaya rana. Sai wani ɗan yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, yaya aka yi ka sani? Mu dai kullum muna ganin rana ta fito gabas ta faɗi yamma, an kuwa ce gani ya kori ji." Yara suka bushe da dariya. Na hasala, na sa shi ya durƙusa har aka tashi.

Da dare barci ya gagare ni. Na yi wa kaina tambayar yaron nan, na rasa amsa. Ashe ni ma ji na yi daga bakin malaminmu a makarantar mishan, na haddace, na ci jarrabawa. Watau na hori yaro don ya nemi abin da ni ban taɓa nema ba.

Sai na tuna da wani mutumin Faransa da muka karanta labarinsa a kwaleji, Rene Dekart, wanda aka haifa a 1596. Shi ma limaman Kirista ne suka koyar da shi. Da ya ƙare karatu ya ga yawancin abin da ke kansa karɓa kawai ya yi, bai auna ba. Sai ya ƙudura zai ajiye duk abin da shakka ke iya shiga. Ido yakan ruɗi mutum, mai mafarki kuwa ba ya sanin mafarki ya ke yi sai ya farka. Ya yi ta zubarwa har ya iske abu guda da ya ƙi zubuwa: mai shakka lalle akwai shi, don in babu shi wa zai yi shakkar? A kan wannan ya kafa gininsa cikin littattafansa na 1637 da 1641. Sa'an nan ya kawo hujja cewa Allah cikakke ne, ba ya yaudara, saboda haka hankalin da ya ba mu abin dogara ne in mun yi aiki da shi a tsanake.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, a 1633 an hukunta Galileo a Rum saboda wannan magana ta duniya da rana, har Dekart ya fasa fitar da littafin da ya rubuta a kanta. An tilasta wa Galileo ya ƙi ta, ga ni nan ina tilasta wa yaro ya yarda da ita.

Da safe na gaya wa maigidan da na sauka wurinsa, wani tsohon malami. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai Imam Gazali ya riga Baturenka." Ya ce wannan shehi, mai littafin Ihya'u, wanda ya koyar a Bagadaza ya rasu a 1111, shakka ta kama shi wajen wata biyu, ya daina amince wa ido da hankali duka, sai da Allah ya haskaka zuciyarsa. Na ce, "Allah gafarta Malam, ashe shakka ba rashin imani ba ce?" Ya ce, "Matambayi ba ya ɓata."

Na koma aji da ƙwarya cike da ruwa, na tsoma karan dawa. Yara suka ce ya karye, na zaro shi lafiya lau. Na tambaye su wa ya taɓa shiga motar Akwanga ya ga itatuwa na gudu da baya. Yaron nan ya ce shi. Na ce musu wannan bai isa hujjar cewa duniya na tafiya ba, ya dai nuna ido kaɗai ba ya raba gardamar, saura kuwa sai mu bi a hankali. Kana na ba shi haƙuri a gaban kowa.

To, 'yan'uwana masu shirin zama malamai, wata rana yaro zai yi muku irin tambayar nan. In kun san dalili ku nuna masa, in ba ku sani ba ku ce ku je ku nema tare. Allah ya sa mu dace.