Komi nisan jifa

Duk wanda ya zo kallon harba rokar ruwa, sama yake ɗaga kai. Mu da muke ƙera ta, ƙasa muka fi kallo, don can ake tafka asara. Hausawa sun riga sun faɗa, komi nisan jifa ƙasa zai faɗo. Abin tambaya shi ne: a wane hali zai faɗo?

Ga wanda bai san ta ba, abin ba wuya. Gorar roba ce ta lemu mai gas, lita 1,5. A zuba mata ruwa kashi ɗaya cikin uku, a toshe bakin, a kifa ta, a yi ta buga mata iska da famfon keke har bar 4 ko 5. Da an saki toshiyar, iska ta tunkuɗo ruwa ƙasa, gora ta yi sama, tana iya wuce mita 30. Mukan yanko wuyan wata gorar mu yi mata hanci, mu manna fikafikai uku ko huɗu a gindi don kada ta yi ta jujjuyawa.

To mu nan Damagaram, ƙasarmu ba ta da tausayi. In ba dutse ba, fako ne ko dandamalin siminti na lakkwal. Ƴan uwanmu na Maraɗi suna da yashin gulbi da rani, su kam Allah ya hutar da su. Roka ta zo da hanci ta daki fako, sai ka ji ƙwas! Hanci ya lotsa, fiffike ya ɓalle, aikin kwana uku ya tafi. Wani zai ce, to ai gora ce, nawa take? Gaskiya ba ta kai komi ba. Amma gorar da ta bugu ta samu ƙarce ko lanƙwasa, in aka sake matsa mata iska tana iya fashewa, ga ƙannenmu kuwa ba sa rabuwa da wurin. Rana ɗaya ɓaraguzan roba suka taɓa idon yaro, an rufe kulob ɗinmu ke nan, kuma da gaskiyar mai rufewa.

Mushen fizik ɗinmu ne ya ba mu makullin abin da lissafi biyu. Na farko: in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugu ya ninka sau huɗu. Abin da ya sauko da gudun mita 5 a daƙiƙa, kamar an sake shi ne daga tsayin mita 1,3, wato daidai ƙirjin mutum. Wanda ya zo da mita 20 a daƙiƙa kuwa, kamar an jefo shi daga mita 20 ne. Na biyu: ƙasa mai laushi tana ba abu wurin tsayawa a hankali. Yashi ya lotsa santimita 5, siminti ko milimita ɗaya bai bayarwa. In tazarar tsayawa ta ragu sau goma, ƙarfin da roka za ta sha ya ƙaru sau goma.

Daga nan dabarunmu suka fito. Don rage gudu muna yanka lema daga babbar leda, mu ɗaura mata zare takwas masu tsawo ɗaya, mu huda ƙaramin rami a tsakiya don kada ta yi ta lilo tana maka roka da gefe. Tsakanin zaren da jikin gora muna sa ɗan guntun robar cikin tayar keke, ita ke shanye fizgar buɗewa. Sai dai lema ba kullum take buɗewa ba, shi ya sa hanci ma da nasa tanadi: soson tsohuwar katifa a ciki, guntun silifa a can ƙarshe. Tunda siminti ya ƙi lotsawa, sai soso ya lotsa a madadinsa. Fikafikai kuma ba ma bari su zarce gindi, don duk abin da ya fi tsawo shi ke fara shan ƙasa. Ni ra'ayina ma a ɗaura su sakwa-sakwa yadda za su fita in bugu ya yi yawa. Gara fiffike ya fice a mayar da shi da ya tsage jikin gora.

Lema babba ma tana da nata sharri. Lokacin hunturu iska sai ta kwashe roka ta kai ta kan kwanon maƙwabta, ko bayan ta sauka ta yi ta jan ta a kan tsakuwa. Saboda haka da sassafe muke harbawa, kafin iska ta tashi, kuma duk gorar da ta sauka sai an ɗaga ta a hasken rana an duba. In an ga farin layi a jikinta, ta gama aiki, sai a yanka ta a yi hanci da ita.

Kada wani ya ɗauka wannan damuwar yara ce. A 1961 Yuri Gagarin bai sauka cikin kumbonsa ba, fita ya yi a tsayin kilomita 7 ya sauko da tasa lemar, don bugun kumbon ya fi ƙarfin mutum. A 1997 Amurkawa sun naɗe Pathfinder da jakunkunan iska kafin ta faɗi kan duniyar Mars, ta yi ta tsalle kamar ƙwallo. Soson katifarmu ƙanen waɗannan jakunkuna ne.

Shi ya sa a kulob ɗinmu muka sa doka: ba a rubuta tsayin da roka ta kai cikin kaye sai in ta sake tashi karo na biyu. Ƴan uwa na Tawa da Yamai da ke son farawa, ku fara neman soso da leda kafin ku ari famfo. Ba a fafe gora ranar tafiya.