Haƙƙin Dabba Ba Ya Ƙarewa a Teburin Mahauci

Ni ɗan maharbi ne, amma yau a Kano nake zaune, kuma naman da iyalina ke ci daga teburin mahauci yake fitowa. Abokan aikina kan ce farauta rashin imani ne, mai saye kuwa babu ruwansa. Na rayu a ɓangarorin biyu, shi ya sa wannan magana ba ta kwanta mini ba.

Baba yana da dokokin da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kansu. Ba a harbin mai ciki ko mai shayarwa. Da damina ta sauka sai a rataye adaka, dabbobi su hayayyafa. In ka raunata barewa, bin sawunta wajibi ne ko da dare ya yi. Yakan ce mini, "Yaro, wanda ya ji wa rai ciwo ya koma gida ya yi barci, ba maharbi ba ne." Nama ya zo gida a raba wa maƙwabta, fata ta tafi wurin majemi.

Amma na kuma ga farautar gayya: motoci maƙare da samari da karnuka, a cinna wa daji wuta da rani, a kashe babba da jinjiri. A idona gada da gwanki suka ƙare a dajinmu. A Nijar raƙuman dawa sun ragu zuwa 49 a 1996. Da aka kare su a yankin Kure, sun haura 600. Suratul Ma'ida ta halatta farauta, amma ba ta halatta ɓarna ba. Ɓarnar da na gani ce ta sa na ajiye bindiga.

Ranar da na shiga kara na ga ana loda shanu a tirela zuwa Legas, na gane mai saye ma yana da nasa kason. An cusa su, an ɗaure ƙahonni, ga doguwar tafiya cikin rana da ƙishirwa. A wata kwata na ga an yanka saniya, aka tarar da ɗa a cikinta. Addini ya umurce mu da wasa wuƙa da sauƙaƙa wa abin yanka, kuma kuɗina ne ke biyan wanda ya kiyaye da wanda ya yi sakaci.

Yanzu wurin mahaucin da na sani nake saye, kuma nakan tambaye shi inda dabbar ta fito da wanda ya yanka. Ranar layya 'ya'yana kan tsaya su ga yanka da idonsu. A gidana ba a zubar da nama. Maharbi zai amsa tambaya kan abin da ya harba, ni ma zan amsa kan abin da na biya aka yanka.