Bisalami, Baƙo a Hannun Barade

Duk shekara, idan muka iso kan waƙoƙin yaƙi da kirarin sarakuna, nakan ce wa ɗalibaina a nan Abuja su zana mini takobin da suke gani a zuci sa'ad da mawaƙi ya ambaci barde. Kusan kowa takobi mai lanƙwasa yake zanawa, kamar jinjirin wata. Wannan kuwa takobin finafinan Indiya ne da zanen littattafan Dare Dubu da Ɗaya. Takobin da mafi yawan baraden ƙasar Hausa suka rataya da hamila miƙaƙƙe ne, mai kaifi biyu, irin wanda ake kira fatefate.

Ba wai kakanninmu ba su san mai lanƙwasar ba. Sun san shi, har sun raɗa masa suna bisalami, amma baƙo ne a wurinsu. Asalinsa yana can filayen tsakiyar Asiya, wajen Turkawa mahaya dawaki. Hikimar ƙirarsa a fili take: mahayin da ke sukuwa, idan ya yi suka, takobin na iya maƙalewa ya fizge masa hannu, amma lanƙwasasshen kaifi yakan yanka ya zame, doki bai tsaya ba. Daga nan Farisawa suka ƙera shamshir, Indiyawa talwar, Turkawan Usmaniyya kilij. Har Larabawan farkon Musulunci miƙaƙƙun takubba suka riƙe. Lanƙwasar daga baya ta zo musu. Turawa ma aro suka yi. Ingila ta ba dakarun dawakinta irinsa a 1796, sannan bayan Napoleon ya shiga Masar a 1798 hafsoshin Turai suka yi ta kwaɗayin takobin Mamalik.

To, me ya hana shi samun gindin zama a nan, alhali mu ma mutanen doki ne? A ganina amsar tana kasuwa. Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi wajen 50,000 ake shigowa da su birnin a shekara ta hanyar Sahara, galibi ƙirar Solingen ta Jamus. A Kano ake sa musu ƙota, dukawa su ɗinka kube. Miƙaƙƙen ruwa fatake suka saba kawowa, shi Buzaye ke so, shi hannun barde ya saba da shi. Bugu da ƙari, mashi ne gaba a wajen mahayinmu, takobi sai an yi gaba da gaba, kuma abokin gaba na cikin lifidi ko sulke.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne salwantar kalmomin. Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya tattara sunayen makamai da dama, amma ɗalibin da ke karanta adabin Hausa a yau da wuya ya bambanta kansakali da bisalami. Kuma bai ji labarin Gajere, takobin sarautar Katsina da ake dangantawa da Korau ba. Tafiyar ƙasa da sa'a biyu ce daga ajinmu zuwa Suleja, tsohuwar Abuja, wadda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga Zazzau; akwai ruwayar da ke cewa sunan Zazzau kansa na wani takobi ne. Wanda bai san waɗannan ba, idan ya ji kirari, amon kawai yake sha.

Gardamar miƙaƙƙe da lanƙwasasshe dai bindiga ce ta raba ta. A Kwatarkwashi da Sakkwato da Burmi, a 1903, barade sun fuskanci harsashi da takubbansu a hannu. Shekara 5 bayan haka Ingila ta ba dakarun dawakinta sabon takobi, miƙaƙƙe sak, na suka kawai.