AMANAR JARIRI A MOTAR HAYA: DARASIN DA NA KOYA A HANYAR MAIYAMA



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki wanda Ya hore mana ababen hawa, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya 'yan uwana masu karatu, yau zan ɗan jingine darasin da muka saba domin in ba ku labarin wani abu da ya same ni da iyalina, da fatan Allah Ya sa wani ya amfana kafin irinsa ya same shi.

Ni malamin Islamiyya ne a garin Jega, kuma ba ni da mota. Mahaifana suna Aliero, a kan hanyar Sakkwato, iyayen mai ɗakina kuma suna Maiyama, a kan hanyar Yawuri. Saboda haka da wuya wata ya ƙare ba mu shiga motar haya ba, ko don suna, ko ta'aziyya, ko dubiya, ko gaisuwar Sallah. Babu tafiyar da take kai awa guda a cikin biyun, kuma wannan kusancin ne ya sa ban taɓa ɗaukarsu a matsayin tafiya mai haɗari ba.

Wata rana muna dawowa daga Maiyama, 'yarmu ta fari tana da wata huɗu, uwarta ta kwance goyo ta rungume ta a cinya kamar yadda kowace uwa take yi, mu huɗu a kujerar baya. Sai ga tumaki sun faɗo titi. Direba ya taka birki da ƙarfi, kafin in rufe baki da salati yarinyar ta kuɓuce daga hannun uwarta ta bugi bayan kujerar gaba. Motar ba ta daki komai ba, kuma ba wani gudu take yi na a zo a gani ba. Allah Ya taƙaita abin, goshinta ne kawai ya kumbura, ma'aikacin asibiti ya duba ta ya ce babu matsala. Amma maganar da uwarta ta yi ta maimaitawa tana kuka ita ce ta hana ni barci a daren: “Wallahi Malam na riƙe ta, na riƙe ta da ƙarfina duka.”

Na san gaskiya ta faɗa. Na tashi a Aliero, garin da bayan albasa ya yi suna da masu ɗori, kuma tun ina yaro nake ganin ana kawo waɗanda suka karye a haɗarin mota daga garuruwa masu nisa. A daren nan na tuna cewa mai ɗori yana gyara hannu da ƙafa da izinin Allah, amma wuyan jariri da ƙwaƙwalwarsa ba abin ɗori ba ne.

Da na zauna na yi bincike sai na gane dalilin da ya sa hannun uwa bai isa ba. Motar da take gudun kilomita 50 a awa, idan ta yi karo ta tsaya nan take, abin da zai samu na cikinta daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. A wannan ƙiftawar ido nauyin jiki yana ninkuwa sau ashirin zuwa talatin, ta yadda jaririya mai kilo 6 za ta koma kamar kilo 120 zuwa 180, kusan buhu uku na shinkafa. Wace uwa ce za ta iya riƙe wannan? Ga shi kuma kan jariri babba ne mai nauyi idan aka gwada da jikinsa, wuyansa bai yi ƙwari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, kuma ta nuna cewa kujerar da ake ɗaure jariri a kanta tana iya rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin ɗari. A Najeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a 2003, tana kuma gargaɗin kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 12 ba a kujerar gaba. Duk da haka, mu talakawa mun ɗauka cewa maganar kujerar jariri ta masu mota ce kaɗai, alhali 'ya'yanmu ne suka fi yawa a kan hanya.

Lokacin da na ce zan nemi kujerar, mahaifiyata ta yi dariya ta ce, “To Malam, kishiyar tawa sarauniya ce da sai an yi mata karaga? Ku da na goya har Sakkwato wace kujera na sa ku?” Wani abokin aikina kuma ya ja ni gefe ya ce yana jiye mini raunin tawakkali, domin abin da Allah Ya ƙaddara babu kujerar da za ta hana shi. Ban da wannan akwai maganar kara, tunda a al'adarmu uba ba ya nuna ɗoki a kan ɗan fari a bainar jama'a, balle a gan shi yana saɓe da kujerarta a tasha.

Maganar abokina ce ta fi tsaya mini a rai, domin rabinta gaskiya ne. Babu wanda yake tsere wa ajali. Sai dai malamanmu sun karantar da mu cewa riƙo da sababi wani yanki ne na tawakkali. Tirmizi ya ruwaito daga Anas bin Malik (RA) labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ya dogara ga Allah ko kuwa ya sake ta ya dogara, aka umurce shi da ya haɗa ɗaurewa da dogaro. A cikin Suratu Yusuf mun ga Annabi Yaƙubu (AS) yana tsara wa 'ya'yansa yadda za su shiga gari ta ƙofofi daban-daban, a lokaci guda kuma yana shaida musu cewa dabararsa ba za ta tunkuɗe hukuncin Allah ba. Uba ne yana sallamar 'ya'yansa zuwa tafiya, ya yi tsari kuma ya miƙa al'amari ga Ubangiji. Malaman usulu irin su Gazali da Shaɗibi sun lissafa kiyaye rai cikin manyan abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin kare su. Mahaifiyata kuwa, cikin ladabi na ce mata, “Inna, idan kin goya yaro da zani, me ya sa kike ƙara majanyi a kai?” Ta yi shiru, can ta ce Allah Ya shirye ni. Tun daga ranar ba ta sake tanka maganar ba.

Kujerar farko aro na samu daga wani ɗan uwa a Birnin Kebbi, ƙarama mai mariƙi kamar kwando, irin wadda take ɗaukar jariri daga haihuwa zuwa kilo 13. Ta yi mana amfani ƙwarai, ba ta da nauyi, kuma da bel ɗin mota ake ɗaure ta. Amma yaro ba ya jiran aljihun uba. Da yarinyar ta kusa shekara sai kanta ya fara kaiwa bakin saman kujerar, wanda shi ne alamar cewa ta yi mata kaɗan ko da nauyinta bai kai iyaka ba. Dole na shiga neman ta biyu, kuma a nan na ga cewa zaɓin marar mota ya sha bamban da na mai mota. Mai mota sau ɗaya yake ɗaura kujera ya bar ta. Ni kuwa kullum wata mota ce dabam, sai na ɗauko kujerar daga gida zuwa tasha, in ɗaura ta direba yana jira fasinjoji suna kallo.

Abu na farko da na duba shi ne yadda ake ɗaure ta. Kujeru da yawa na zamani suna maƙalewa ne da wasu ƙarafa da ake kira ISOFIX, waɗanda yawancin tsofaffin motocin hayarmu ba su da su, don haka na nemi wadda ake ɗaurewa da bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu. Na biyu, na nemi wadda yarinyar za ta ci gaba da zama tana fuskantar baya. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Bertil Aldman, shi ya fito da wannan dabara a 1964, domin idan aka yi karo ta gaba, bayan kujerar ne zai tallafe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba R129, wadda ta fara aiki a 2013, ta wajabta fuskantar baya har wata 15 aƙalla, kuma masana suna son a wuce haka idan da hali. Na uku shi ne tsawon amfani. Na zaɓi wadda take kaiwa kilo 18, wato kusan shekara huɗu, duk da ta fi ta farko nauyi da wahalar ɗauka, domin albashin malamin Islamiyya ba zai sayi kujera duk shekara ba. Na huɗu, na duba tambarin nan mai ruwan lemo da yake nuna cewa an gwada ta bisa ƙa'ida, da kuma shekarar da aka ƙera ta, saboda roba tana tsufa, masu ƙerawa kan ba ta wa'adin shekara shida zuwa goma. Na guji ta gwanjo wadda ban san tarihinta ba, domin kujerar da ta taɓa shiga haɗari tana iya tsagewa ta ciki ido bai gani ba. Daga ƙarshe na saya a hannun wani wanda na sani na kuma yarda da amanarsa, bayan na gwada ta a motoci biyu na tabbatar bel yana isa, tunda wasu motocin bel ɗinsu gajere ne.

Sayen kujera ya fi amfani da ita sauƙi. Ranar farko da na je tasha da ita, ɗan kamasho ya dube ni ya ce, “Malam, wagga kujera fa? Ai sai ka biya mata kuɗin mutum.” Na ce na yarda. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya tashi, ga shi ana zama huɗu a baya, don haka sai na biya kuɗin mutum huɗu kafin mu uku mu samu wurin da ya dace. Wannan ya sa muka rage yawan tafiya, muna haɗa dubiya da gaisuwa a rana ɗaya, muna kuma kauce wa ranar kasuwar Jega saboda cunkoso. Nakan je da wuri in zaɓi motar da bel ɗinta yake aiki, sau da yawa sai na zura hannu ƙarƙashin kujera na zaƙulo shi cikin ƙura. Ba na yarda a sa kujerar a gaba, domin jakar iskar da take fashewa lokacin karo tana iya kashe jaririn da yake fuskantar baya. Nakan ja igiyoyin kafaɗarta har sai ba na iya tsunkulo su da yatsa, in taɓa ƙarfen maɗaurin kafin in zaunar da ita, saboda zafin Maris da Afrilu a ƙasar Kabi yana mai da shi kamar garwashi.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai ranar da aka yi mana rasuwa da dare, muka shiga motar da muka samu ba tare da kujera ba, na yi ta addu'a har muka sauka. Kabu-kabu kuwa babu kujerar da ta dace da shi, abin da muke iyawa kawai shi ne mu taka da ƙafa idan wurin kusa ne. Don haka ban zo in ɗora wa wanda ba shi da hali laifi ba, Allah ba Ya kama bawa da abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda bai samu kujera ba, to matarsa ta zauna a baya, ta ɗaura bel a jikinta ita kaɗai, kada ta haɗa kanta da jariri cikin bel ɗaya domin nauyinta zai danne shi, kuma kada mu ji nauyin ce wa direba ya rage gudu. Wanda ɗansa ya girmi kujerarsa ya ba da aronta ga maƙwabci, lada ne mai gudana. Ina kuma roƙon shugabannin direbobi da su kula da gyaran bel ɗin baya, limamai da malamai 'yan uwana su riƙa sako wannan magana cikin wa'azi kamar yadda muke koyar da addu'ar hawa abin hawa.

A makon jiya mun je Aliero, mahaifiyata da kanta ta leƙo cikin mota ta ja igiyar kafaɗar jikarta don ta ga ko ta ɗauru, ta ce in ƙara ja kaɗan. Na ƙara.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu a gida da hanya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a haɗurra, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗan uwanku a Musulunci, daga Jega.