Ƙofar Wambai: Yini guda a wajen masu ɗinkin jakar makaranta

Kowace kasuwa a Kano da abin da ta yi suna a kai. Kantin Kwari ta atamfa da shadda ce, Dawanau ta hatsi, Singa kuma ta kayan masarufi. Ita kuwa Ƙofar Wambai, da an ambace ta sai a tuna da gwanjo da robobi. Amma tana da wani ɓangare da ya kamata kowane ɗalibi ya sani, wato layukan masu sayar da kayan ɗinki da masu haɗa takalma da jakunkuna. A hutun da ya wuce na yini a can, kuma na ga ya dace in ba ƙannena na sakandare labari, tunda kusan kowa a cikinku da jakar goyo yake zuwa makaranta.

Wannan sana'a ta daɗe a yankin. A nan kusa majema take, inda ake jeme fatun awaki da tumaki da bagaruwa. Idan ka ƙara kutsawa cikin gari za ka tarar da Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Daga nan fatake suke ɗaukar jar fata su ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Dukawan da suka yi ta ɗinka gafaka da zabira da basilla sun bar magada, sai dai yanzu keken ɗinki da yadin nailan sun shigo cikin aikin.

Na fara da masu sayar da kaya. Rumfuna ne a jere, an jingine bandir-bandir na yadi mai kauri da leda da tamfol, ga zare kala-kala. Zif ma a naɗe yake kamar igiya, sai a yanka maka tsawon da kake so, kan zif ɗin kuma ka saya daban. A nan na koyi cewa zif lamba gare shi: akwai 3, 5, 8 da 10, kuma lambar tana nuna faɗin haƙoransa da milimita. Lamba 3 ta riga da siket ce. Babban bakin jakar littattafai yana son 8 ko 10, ƙananan aljihuna kuma 5 ta ishe su. Sai bel ɗin da ake yin maratayi da shi, da soson da ake cusawa a kafaɗa da baya, da yadin shafi na ciki.

Daga nan wani mai rumfa ya yi mini kwatancen shagon masu ɗinki a cikin wani lungu. Tun daga nesa ƙarar kekuna ta yi mini jagora. Maigidan ya ba ni benci, na zauna ina kallo. Aikin da kwali ake fara shi. Kowane sashe na jaka, gaba da baya da gefe da gindi, yana da kwalinsa. Yaro ya ɗora a kan yadi, ya zana da alli, ya bar kamar santimita ɗaya da rabi a gefe domin ɗinki, sannan ya sa almakashi. Aljihuna da zif ake fara haɗawa tun yadin yana shimfiɗe. Bayan nan a haɗa jakar a bai-bai, a rufe bakin ɗinkin ciki da siririn ƙyalle don kada ya zare, a ƙarshe a juyo ta.

Abu uku na lura suna ba muhimmanci. Na farko allura: ɗinkin riga da lamba 14 ake yi, amma nan 18 ko sama suke sawa, da zaren nailan. Na biyu tazarar ɗinki: ba sa matse shi sosai, domin huji kusa da kusa yakan sa leda ta yage kamar takardar rasit. Na uku, wanda ya fi kowanne, shi ne wurin da maratayi ya haɗu da jikin jaka. Duk nauyin littattafanka a nan yake sauka. Shi ya sa suke ɗinka murabba'i a wurin, su gicciya layi biyu a cikinsa, su maimaita gaba da baya. Bakin bel kuma sai an ɗan lasa masa wuta ya narke, in ba haka ba zai yi ta warwarewa.

Me ya sa na damu ku san wannan? Saboda kuɗin iyayenmu ne. Jakar da ta tsinke a tsakiyar zango, ko dai Baba ya sake fitar da kuɗi, ko ka koma rungumar littattafai a leda. Don haka ranar da aka je sayen jaka, kada zanen da ke jiki ya ruɗe ka. Buɗe ta ka leƙa ciki, ka ga ko an rufe bakin ɗinki. Ja maratayin da ƙarfi. Taɓa gindin ka ji ko ninki biyu ne. Ja zif ɗin sau uku ko huɗu. Idan na tsohuwar jakarka ya fara cijewa, goga masa kyandir kafin ka ce ya mutu. Idan kuma kansa ne ya saki, a canza kan kawai, ba sai an yar da jakar ba.

A shagon nan na ga yara sa'o'inku, wasu ma da wandon makaranta a jikinsu, sun zo bayan an tashi. Wani yana yanka, wani yana cusa soso, babbansu yana kan keke. Hausawa sun ce sana'a sa'a. Ko ba a Kano kake ba, da wuya a rasa mai gyaran jaka a kasuwar garinku. Idan an yi dogon hutu, nemi izinin iyaye ka je ka zauna kusa da shi. Ka fara da gyara maratayin jakar ƙaninka.